Daga Gafaka zuwa Faifan Kwamfuta: Ina Sakkwato Za Ta Adana Rubutunta?

A ƙarni na 19, takarda ce ta iyakance adana ilimi a Sakkwato. Mafi yawanta daga Italiya take fitowa, ta biyo Tarabulus a bayan raƙuma, don haka sai magatakarda ya auna tsawon littafi kafin ya tsoma alƙalami a tawada. Wallafe-wallafen Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello sun tsira ne domin an kwafe su a gidaje masu yawa.

Waziri Junaidu (1906–1997), wanda hukumar tarihin jihar ke amsa sunansa, ya gaji taskar gidan Giɗaɗo ɗan Laima, ya kuma faɗaɗa ta. A cikinta Murray Last ya yi binciken littafinsa na 1967.

Yau hoton irin waɗannan rubuce-rubuce ake ɗauka, iyakar kuwa ta koma faifan kwamfuta. Idan shafi ɗaya ya ci megabait 50, shafi 20,000 sun cinye terabait guda. Kwafi uku kuwa terabait uku ke nan. Cibiyar da ba ta yi wannan lissafi tun farko ba, ranar da faifai ya cika sai dai ta rage ingancin hoto, ko ta zaɓi shafukan da za ta bar wa gara.