Abin da Ya Hana Limami Riƙe Takobi

Kafin ɗan wasa ya sa ƙafa a duniyar yawancin wasannin bidiyo na almara, sai an tambaye shi ko wane ne shi: mayaƙi, matsafi, ɓarawo, ko limami mai warkar da rauni. Shekaru da dama amsar nan ita ce ke yanke makamin da zai riƙe har ƙarshen wasa. Wannan tsari kuwa ba a wasan bidiyo ya fara ba.

Asalinsa kan tebur ne, a Amurka. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, ƙa'idojin yaƙi da 'yan ƙananan gumakan sojoji. Daga nan Dungeons & Dragons ya tsiro a 1974, aikin Gygax da Dave Arneson, da rukuni uku kacal: mayaƙi, matsafi da limami. Abin mamaki, a bugun farko 'yar wuƙa da ƙaton takobi ɓarna ɗaya suke yi, domin ɗan lido guda mai fuska shida ake jefa wa kowanne. Sai a 1975, da littafin ƙari na Greyhawk, aka ba kowane makami ƙarfinsa, aka kuma shigo da ɓarawo. Daga lokacin ne zaɓen makami ya zama shawara mai nauyi.

Dokar da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta limami: an haramta masa duk makami mai kaifi, sai gulma ko guduma. Ana yawan danganta ta da Odo, bishop na Bayeux kuma ɗan'uwan William na Normandi, wanda shahararren ƙyallen Bayeux ya nuna riƙe da kulki a yaƙin Hastings na 1066. Bayanin da ya yaɗu shi ne coci ta hana malamanta zubar da jini, shi ya sa suka koma ga duka. Masana tarihi ba su gamsu ba, don a ƙyallen nan William kansa kulki ne a hannunsa, kuma alamar shugabanci ya fi kama. Ko ba wannan ba, gulmar da ta fasa kai ai ba ta rasa fitar da jini. A ganina amfanin dokar na wasa ne: mai warkarwa da ya iya sara kamar mayaƙi zai sa mayaƙin ya rasa aikin yi.

Kwamfuta ta gaji wannan duka. Wizardry na 1981 ya kai tsarin Japan, kuma a Final Fantasy na 1987 farin matsafi, magajin limami, galibi guduma da sanda yake ɗauka.

Daga baya al'amarin ya juya. A Monster Hunter, wanda Capcom ya fara a 2004, babu rukuni sam. Makamin da ka ɗauka, cikin iri 14 a sabbin fitowar wasan, shi ne salon faɗanka. Skyrim ya watsar da rukunai a 2011. Dark Souls, na wannan shekarar, ya bar su a matsayin mafari kawai: limaminsa na iya ƙara ƙarfi ya ɗauki duk takobin da ya ga dama. Amma makamin da ake fara ba shi dai gulma ce.