Mars Hill: Ikilisiyar da ta Rushe Tana Tsaka da Bunƙasa

A ƙarshen watan Disamba na 2014 aka yi sujada ta ƙarshe da sunan Mars Hill, ikilisiyar da ta taso daga birnin Seattle na ƙasar Amurka. Shekara guda kafin nan tana da rassa 15 a jihohi 5, kuma sama da mutum 12,000 ke halartar sujadarta kowane mako. Kwamitin da ya binciki babban fastonta, Mark Driscoll, bai tuhume shi da fasikanci, ko karya doka, ko karkatacciyar koyarwa ba. Abin da ya samu shi ne girman kai, saurin fushi, kaushin harshe da shugabanci na danniya. Irin waɗannan halaye ne jama'a kan kau da kai daga gare su, su ce ai kowa da halinsa. A Mars Hill kuwa sun isa su wargaza aikin shekara 18.

An kafa ikilisiyar a 1996, lokacin da Driscoll ke da shekara 25. Ta fara ne da ƴan mutane kaɗan a cikin gida, ta kuma ɗauki sunanta daga tudun nan na Atina inda Manzo Bulus ya yi jawabi, kamar yadda yake a sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni. Seattle na cikin biranen Amurka da zuwa coci ya yi ƙaranci, don haka cikar majami'a da matasa ta zama abin mamaki. Driscoll mai baiwar magana ne. Yakan yi wa'azin sa'a guda yana bin littafi aya bayan aya, da barkwanci da tsawa. Dubbai sun karɓi baftisma, wa'azinsa ya bazu a intanet, kuma ya taimaka wajen kafa Acts 29, ƙungiyar dasa sababbin ikilisiyoyi. Wannan nasara ta gaske ce, ita ce kuma ta zama mayafin abin da ya biyo baya.

Tsagewar farko ta bayyana a 2007. Kafin wannan shekara, dukan dattawan ikilisiya suna da ƙuri'a a manyan al'amura, babban fasto kuma ɗaya ne daga cikinsu. Sai aka kawo sabon kundin dokoki wanda ya tattara iko a hannun wani ƙaramin rukuni da Driscoll ke ciki. Dalilin da aka bayar mai shiga hankali ne: ikilisiya ta girma, ba za a jira kowane dattijo kafin a yanke shawara ba. Dattawa biyu suka nuna rashin amincewa, aka sallame su daga aiki. Ɗaya daga cikinsu an gurfanar da shi gaban ƴan'uwansa dattawa, aka kuma umarci mambobi su ƙaurace masa. A daidai wannan lokaci Driscoll ya yi wa taron fastoci jawabi, inda ya kwatanta Mars Hill da motar bas wadda ko mutum ya shiga ko ta take shi, har ya ambaci tarin waɗanda ta riga ta take a bayanta. An ɗauki jawabin a faifai, amma ikilisiya ta ci gaba da cika.

Daga nan horon ikilisiya ya sauya kama. A koyarwar Kirista, bisa sura ta 18 ta Matiyu, manufar horo ita ce a maido da ɗan'uwan da ya kauce. A 2012 kafofin labarai suka ba da labarin wani matashi da ya je da kansa ya furta zunubinsa ga shugaban rukuninsa. Aka miƙa masa takardar yarjejeniya mai sharuɗɗa, ciki har da rubuta tarihin zunubansa dalla-dalla. Da ya ƙi sa hannu ya bar ikilisiyar, sai aka sanar da mambobi yadda za su yi mu'amala da shi: kada a zauna da shi sai don kiransa ga tuba. Darasin da sauran suka ɗauka a fili yake, wato wanda ya faɗi asirinsa ya ba da sandar da za a doke shi da ita. Ma'aikatan da ke barin aiki kuma akan nemi su sa hannu a kan alkawarin yin shiru kafin a biya su kuɗin sallama. Ta haka kowane wanda aka ɓata wa ya fita shi kaɗai, yana zaton shi ne mai laifi.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma a 2014 abubuwa suka fito ɗaya bayan ɗaya. A watan Maris mujallar World ta bayyana cewa ikilisiyar ta biya wani kamfani kimanin dala 210,000 don littafin da Driscoll ya rubuta tare da matarsa, Real Marriage, ya shiga jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times. A watan Agusta tsofaffin mambobi suka yi zanga-zanga a ƙofar wani reshe, ƙungiyar Acts 29 ta cire Driscoll da ikilisiyarsa daga cikinta, tsofaffin fastoci 21 suka shigar da ƙorafi a rubuce, fastoci 9 da ke kan aiki kuma suka nemi ya sauka. Masu zuwa sujada suka ragu, baiko ya ragu. A tsakiyar Oktoba ya ajiye aiki, kafin a aiwatar da shirin gyara da dattawa suka tsara masa. A ƙarshen watan aka sanar cewa za a rushe ƙungiyar, kowane reshe ya tsaya da ƙafarsa ko ya rufe.

Alamomin da tarihin ya nuna ba sa buƙatar ƙwarewa kafin a gane su. Ana ɗaukar tambaya a matsayin tawaye. Waɗanda ya kamata su tsawata wa shugaba su ne waɗanda yake da ikon kora. Ana mai da furcin zunubi makami. Wanda ya tafi yakan rasa abokai dukansu a rana ɗaya, kuma ba a jin labarin tafiyarsa sai daga bakin shugabanni. Sama da duka, duk wani ƙorafi ana amsa shi da lissafi: mutum nawa suka tuba, rassa nawa aka buɗe. Wasiƙar farko ta Bitrus ta gargaɗi dattawa kada su mallake garken da aka danƙa musu, wasiƙar farko zuwa ga Timoti kuma ta sa sauƙin hali da gudun husuma cikin sharuɗɗan shugabanci. Mars Hill ta san waɗannan ayoyi, ta yi wa'azi a kansu, amma ta bar baiwa ta rinjayi hali a ma'auninta.

Rassa 11 sun ci gaba a matsayin ikilisiyoyi masu zaman kansu. A 2016 Driscoll ya buɗe sabuwar ikilisiya a jihar Arizona. A 2021 mujallar Christianity Today ta fitar da jerin shirye-shiryen sauti a kan tashi da faɗuwar Mars Hill, inda tsofaffin ma'aikata da mambobi suka ba da labarinsu. Da yawa daga cikinsu sun koma ne kan 2007, shekarar da aka kori dattawa biyu a gaban kowa, yawancin ikilisiya kuma ta yi shiru saboda majami'a na cika.