Ruwan Zobe da Bakin Injiniyoyi

Mu da muka taso tsakanin Wurma da Kurfi da Dutsin-Ma mun san dutse tun kafin mu san allo. Duk inda ka ɗaga kai sai ka hango shi, kuma idan ka sa diga a ƙasa ba ka yin nisa sai ka sake cin karo da shi. Wannan dutsen na ƙarƙashin ƙasa shi ne ya sa haƙar rijiya a yankinmu take da wuya. Ruwa ba ya kwanciya a shimfiɗe kamar yadda yake yi a ƙasar yashi, sai dai ya maƙale a tsagar dutse ko a ruɓaɓɓen samansa. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse nan a samu ruwa, a matsa gaba kaɗan a sha wahalar banza.

Kakanninmu suna da masanansu. Mahaƙan rijiya sun san bishiyar da ke nuna ruwa na kusa, magina suna da Sarkin Magina, maƙera suna da Sarkin Maƙera, kuma kowace sana'a tana da wanda za a kai wa ƙara idan aiki ya ɓaci. Hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina shaida ce a kan abin da maginin ƙasa zai iya. Kalmar injiniya kuwa baƙuwa ce, ta zo mana tare da layin dogo da hukumar ayyuka ta zamanin Turawa, kuma shekaru da dama mai wannan suna Bature ne.

A ranar 16 ga Fabrairu 1958 wasu matasan Najeriya, injiniyoyi da ɗalibai, suka taru a Landan suka kafa Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, wadda aka fi sani da NSE. Saura shekara biyu a samu 'yancin kai, kuma damuwarsu a fili take: idan Bature ya tattara kayansa, wa zai zana gada, wa zai duba ingancinta, wa zai ce wa gwamnati a'a? A 1970 aka yi dokar da ta kafa hukumar COREN mai rajistar injiniyoyi. Hukumar ce ke ba da izinin aiki, ƙungiyar kuwa zauren 'yan sana'a ce, inda ake muhawara da koyon juna. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ita ce ta yaye mafi yawan injiniyoyin farko.

Ba a daɗe ba aka gwada su. Farin da ya afka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970 ya ƙarar da dabbobi ya bar rumbuna wayam, ga kuma kuɗin man fetur sun fara shigowa. Sai gwamnati ta dukufa kan tare koguna. An kammala dam ɗin Tiga a Kano a 1974, zamanin Audu Baƙo, aka gama na Bakolori a 1978. Namu rabon ya zo a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin da aka kammala dam ɗin Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma. A lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, don sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

Zobe ba ƙaramin aiki ba ne. Bango ne na ƙasa da aka daddaɓe, tsayinsa ya kai mita 19, tsawonsa ya haura kilomita biyu da rabi. An yi shi ne don noman rani na dubban kadada da kuma ruwan sha. To amma tare ruwa rabin aiki ne. Kafin ya shiga gona sai an gina magudanai, kafin ya shiga randa sai an yi matatar ruwa, an kafa injinan turawa, an binne bututu, an samar da wutar da za ta juya su. A ƙarshen Disambar 1983 sojoji suka kifar da gwamnati, kuɗin mai suka ja baya, wannan rabin na biyu ya tsaya. Masunta sun ci moriyar tafkin, manoman bakin ruwa sun yi ta ja da ƙananan injina, sauran jama'a kuwa suka ci gaba da guga da jarka. Sai a Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe, shekara 38 bayan gama bangon. Jaririn da aka raɗa wa suna a shekarar da aka tare kogin ya riga ya zama magidanci.

A ina ƙungiyar injiniyoyi ta shigo cikin wannan labari? NSE tana da rassa a jihohi, har da Katsina, kuma aikin reshe sananne ne. Ana taron mambobi, ana gabatar da lacca a kan wani fanni, ana kai ziyara wuraren aiki don a gani da ido, ana shirya makon injiniyoyi, ana zuwa makarantu a kwaɗaita wa yara lissafi da kimiyya. Tun 2020 kuma ana bikin ranar aikin injiniya ta duniya kowace 4 ga Maris, bisa shawarar UNESCO. Mai kallo daga nesa zai ce taron manya ne da shan lemo. Amma a irin wannan zama ne ƙaramin injiniya yake jin abin da babu a littafi, kuma a nan ne ma'aikacin gwamnati yake iya faɗin gaskiyar da ba zai faɗa a ofis ba, domin ƙungiya ce ta yi magana, ba mutum ɗaya ba.

Akwai maganganun da suka cancanci wannan zaure. Dam na ƙasa yana tsufa kamar katangar gida. Ruwa na iya tsiyaya ta cikinsa yana jan ƙasa a hankali, saiwar bishiya da gara da ɓeraye suna huda shi, laka tana cike cikinsa tana rage abin da yake ɗauka, kuma idan mafitar rarar ruwa ta gaza ambaliya ta bi ta kansa, to ya tafi. Mun ga haka a Bagauda ta Kano a Agustan 1988. Mun sake gani a Satumbar 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle ya mamaye Maiduguri. Zobe ya haura shekara 40. Tambayar wa ke auna tsiyayarsa da zurfin lakarsa ba ta 'yan boko kaɗai ba ce, ta duk mai gona ko gida a ƙasan bangon ce.

Inda muke ganin giɓi shi ne harshe da wuri. Yawancin laccocin nan da Turanci ake yin su, a zauren birni, gaban waɗanda suka riga suka sani. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma nan tun 2011, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ga gidajen rediyo da kowa ke saurare. Me zai hana a kawo lacca ɗaya a shekara ƙofar gidan hakimi ko makarantar firamare ta Wurma, a yi ta da Hausa? A bayyana wa mutane dalilin da ya sa ake gwajin ƙasa kafin a haƙa burtsatse, da yadda ake gane kwalbatin da aka rage wa rodi da siminti, da abin da ya kamata kwamitin gari ya tambayi ɗan kwangila kafin ya karɓi aiki. A zaunar da tsohon mahaƙin rijiya kusa da mai digiri, kowa ya faɗi abin da ya sani.

Matasan da suka taru a Landan a 1958 sun nemi a damƙa aikin ƙasa a hannun 'yan ƙasa, kuma an damƙa. Abin da ya rage shi ne mutumin Wurma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan famfon unguwarsu ya ƙafe wata uku bayan an yanke ƙyalle, kuma ya samu wanda zai yi masa bayani da harshen da yake ji.