Daga Zariya zuwa Sakkwato: yadda aka gano ciwon zuciyar masu jego

A Magarya da ƙauyukan Wurno, Rabah da Goronyo, kamar sauran ƙasar Hausa, ba baƙon labari ba ne a ce mace ta sauka lafiya, an yi suna, sai bayan 'yan makonni ƙafafunta su kumbura, haki ya hana ta kwanciya. Wata ta warke. Wata kuma kumburin ya saɓe, dangi su fara hamdala, sai a wayi gari ta yanke jiki ta faɗi. Likitoci sun shafe fiye da shekara 40 suna bin sawun wannan ciwo a Arewa, kuma bayaninsu ya sauya a hanya.

An fara ne a Zariya. A 1978 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka wallafa bincike a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun lura cewa ciwon yana da lokacinsa a shekara, suka kuma ɗora zargi a kan al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa. Hujjarsu ita ce gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Wannan bayani ya daɗe yana tashe, amma bai ishe ba. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa sun gano a 1992 cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. A 2007 Isezuo da Abubakar suka ba da rahoto daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda matan gabashin Sakkwato kan ƙare idan abu ya yi tsanani: mace 1 cikin haihuwa 102, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci binciken PEACE a asibitocin Najeriya. Sakamakonsa na 2020 ya fi nuna rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jinin ciki, ba wankan jego ba. Kusan mace 1 cikin 5 da aka bi lafiyarsu ta rasu.

To me ke kawo mutuwar fuju'a? Zuciya tana bugawa ne da umarnin wani ɗan lantarki da ke ratsa tsokarta. Idan tsokar ta saki ta buɗe, hanyar lantarkin takan rikice. Rikicin da ya taso daga ɗakunan sama yakan sa jini ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Wanda ya taso daga ɗakunan ƙasa yana iya tsayar da gudun jini cikin daƙiƙoƙi. Hatta maganin sa fitsari da ke sauke kumburi yana zubar da fotashiyam, ƙarancinsa kuma yana ƙara haɗarin. Shi ya sa saɓewar kumburi ba ita ce waraka ba.

Abin da ke nuna wannan rikici shi ne gwajin ECG, wanda ke zana bugun zuciya a takarda cikin 'yan mintuna. Mai jegon da ke jin faɗuwar gaba ba dalili, ko jiri, ko ta taɓa suma, gwajin take buƙata a ranar, ba a jira arba'in ba. Zariya ta tambayi abin da mace ke sha, Kano ta tambayi abin da ta rasa. Tambayar da ta rage wa Wurno, Rabah da Goronyo ita ce nisan da ke tsakanin ɗakin jego da na'urar da za ta saurari zuciyar mai ɗakin.