A Canza Injin Sanyi Tun Yana Aiki

Mu da ke aikin gano siffar furotin a tashoshin sinkurotiron mun san sanyi ne ya raya wannan fanni. Hasken eksire mai ƙarfi cinye kiristal ɗin furotin yake yi, shi ya sa a da sai an ƙona da yawa kafin a haɗa bayanan siffa guda. A 1986 Cosier da Glazer na Oxford suka fito da na'urar da ke hura iskar naitirojin mai sanyi ba yankewa, wadda aka sani da Cryostream. Håkon Hope ya nuna a 1988 cewa daskarar da kiristal farat ɗaya na tsawaita ransa, Ada Yonath kuma ta bi wannan hanya a binciken ribosom da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2009. Daga nan aiki ya zauna a kan digiri 173 ƙasa da sifili.

Yau da yawa daga cikin injinan sun tsufa, amma masu riƙe da kuɗi sai su ce ai suna aiki, gara a sayi sabuwar na'urar ɗaukar hoto. Abin da ba su gani shi ne injin sanyi ba ya mutuwa rana ɗaya. Bututun naitirojin ya fara gumi, ƙanƙara ta taru a bakin na'urar, zobban ƙanƙara su fito a hoto su rufe ɗigon bayanai. Idan sanyi ya ragu na ɗan lokaci, kiristal ɗin da ɗaliba ta yi watanni tana reno ya lalace ke nan, kuma sau da yawa cikin dare ne, na'ura ce ke sauya samfura, ba kowa a wurin. Haka famfon da ke sanyaya silikon mai tace haske: in ya soma rawa, hasken ma rawa zai yi. Bayan sabunta tashar ESRF ta Faransa a 2020 da tashar APS ta Amurka a 2024, hasken ya ƙara siranta da ƙarfi, ƙaramar girgiza ma ta zama babbar matsala.

Wasu na cewa awo ba tare da daskarewa ba yana dawowa, ga kuma AlphaFold mai hasashen siffar furotin ta kwamfuta. Gaskiya ne, amma masu neman magani a tashar Diamond ta Ingila har yanzu ɗaruruwan daskararrun kiristal suke aunawa. Kuɗin canza injinan nan ya kamata ya shiga kasafi tun wuri, a yi aikin a lokacin da aka saba rufe tasha don gyara.