Tsarin mako ga mai aikin kansa

Mai aikin kansa shi ne wanda ba ya jiran albashin ƙarshen wata, ana biyansa ne bisa aikin da ya gama: tela, mai ɗaukar hoto, mai gyaran waya, mai fassara, ko ɗan jaridar da ake biya kan kowane rahoto. Dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 ta ƙayyade wa ma'aikacin albashi awa 40 a mako. Mai aikin kansa kuwa babu mai ƙirga masa awa. Tsarin mako shi ne rubuta abin da za a yi kowace rana tun kafin makon ya shiga, domin alkawarin da aka ɗaukar wa mutane ya cika a ranarsa.

Abubuwan da ba su motsi

Ana fara tsarin da abin da ba a iya ɗagawa: lokutan salla, sallar Juma'a, da ranar kasuwa. Kasuwar Maraɗi tana ci Litinin da Juma'a, ta Damagaram Alhamis, ta Tawa Lahadi, kuma a ranakun ne ake sayen kayan aiki da haɗuwa da masu kawo aiki daga ƙauyuka. Mai hulɗa da ofisoshin gwamnati yana kai takardunsa tsakanin Litinin da Alhamis, tunda ana tashi da wuri ranar Juma'a.

Zafi da wuta

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma a lokacin ne aka fi fama da ɗaukewar wutar lantarki. Shi ya sa aiki mai buƙatar natsuwa, ko keken ɗinki mai wuta, ko kwamfuta, ya fi dacewa da bayan asuba zuwa hantsi. Kiran waya, amsa saƙonnin WhatsApp da karɓar kuɗi ana tara su wuri guda bayan la'asar.

Ranar alkawari

A shekarar 1979 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana cewa mutane kan ƙiyasta wa aiki lokacin da bai kai wanda zai ci ba. Abin da ake kira ƙaryar tela, musamman gab da Salla, galibi daga nan yake fitowa: an karɓi ɗinki fiye da abin da kwanakin za su ɗauka. Maganinsa shi ne duba kwana nawa irin wannan aiki ya ci a baya, a ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin a faɗi rana. Ana kuma barin yini guda a mako babu alkawari, saboda suna, ɗaurin aure da jana'iza ba su neman izini.

Lissafin ƙarshen mako

Rabin awa a ƙarshen mako ta isa a buɗe littafi a rubuta aikin da aka gama, wanda ya rage, kafin alƙalamin da aka karɓa da bashin da ake bin mutane. Idan mako mai zuwa ya riga ya cika, sabon aiki sai a ba shi rana a na gaba da shi, kuma a faɗa wa mai shi tun kafin a karɓi kuɗinsa.