Dason Gidanmu: Waiwaye a kan Rayuwar Saratu Giɗaɗo

A shekarar 2000 aka haife ni a Ƙaraye, kuma a wannan shekara ce Saratu Giɗaɗo ta fara fitowa a fim. Ban lura da wannan dacewa ba sai bayan rasuwarta. Amma laƙabin da duniya ta san ta da shi, wato Daso, na san shi tun ban iya karatu ba, domin a wurina ba sunan 'yar fim kaɗai ba ne. Da shi dangin mahaifiyata na Rogo suke kiran matar da ta raine ni.

An haifi marigayiya ranar 17 ga Janairu, 1968, ta kuma tashi a Kano. Sa'ad da ta shiga sana'ar, fim ɗin bidiyo na Hausa yana da shekara goma, in an ƙirga daga Turmin Danya wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990. Sunan Kannywood kansa bai daɗe da bayyana a mujallar Tauraruwa ba. Kamfanin Sarauniya, wanda ya girgiza kasuwa da Sangaya a 1999, shi ne ya fito da ita a cikin Linzami da Wuta. Ta shigo a kan gaɓa mai wuya, domin a ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da shirya finafinai, sai a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai, aka ci gaba da aiki bisa sharuɗɗa.

Shekararta 32 a lokacin, kuma wannan lissafi ya yi tasiri a kan duk abin da ya biyo baya. Kasuwar wancan zamani ta 'yan mata ce masu rera waƙa a lambu, waɗanda tauraronsu kan haska shekara biyu ko uku, su yi aure, a nemi wasu. Saratu ta wuce wannan layi tun kafin ta iso. Abin da ya rage mata shi ne gurbin da ba a rububinsa: uwar miji mai takura, kishiya mai makirci, matar uba marar imani. Ta karɓe shi hannu biyu. Finafinai irin su Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani suka kai sunanta ko'ina, kuma ta yi shekara 24 ana damawa da ita, alhali da yawa daga jaruman da ta yi ta gallaza wa a allo an manta da su.

Ba ita ta ƙago wannan muguwar mace ba, gadonta ta yi. Duk wanda ya yi hirar dare a gaban kaka ya san tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, ya san matar uban da kan aiki marainiya inda ba a dawowa. Abubakar Imam ya ba mu mugun Waziri a Magana Jari Ce, sai dai shi sharrinsa na fada ne, kan gadon sarauta. Marubuta mata na Kano da kewaye su ne suka dawo da sharrin tsakar gida cikin littattafansu, daga nan ya tsallaka kaset. Kafin Saratu, Hauwa Ali Dodo ta riga ta share fage da Biba a cikin Ki Yarda da Ni, wanda aka ɗauko daga littafin Bilkisu Funtuwa, har sunan ya bi ta zuwa ranar da ta rasu a haɗarin mota, 1 ga Janairu, 2010. A ɓangaren maza kuwa, irin su Shu'aibu Lawan Kumurci sun riƙe gurbin ɗan daba mai wuƙa da gora. To amma ɗan daba a waje yake, ana iya kulle ƙofa a bar shi a titi. Muguwar da Saratu take fitowa a matsayinta tana cikin gida, ita ke riƙe da maɓallin ɗakin hatsi, kuma dole a durƙusa a gaishe ta da safe.

A ganina, a nan gwanintarta take. Ba ta dogara da duka ko ihu kaɗai ba. Kayan aikinta su ne waɗanda kowace mace ta sani: harara ta gefen ido, dogon tsaki, tafa hannu a riƙe ƙugu, amsa gaisuwa da ƙyar, da habaicin da ake jefa wa kaza alhali da amarya ake. Ta iya sauya fuska nan take idan maigida ya yi sallama, murya ta yi laushi kamar ba ita ba. Sannan tana cakuɗa muguntar da ban dariya, har mai kallo ya tsinci kansa yana ƙyaƙyatawa a wurin da ya kamata ya yi takaici. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ko da yake masu raba kyaututtuka sun fi kallon jaruma mai hawaye.

Na fara ganinta a gidan maƙwabtanmu, su ne masu janareto a layinmu. Bayan sallar isha'i matan unguwa kan hallara a tsakar gida, mu yara a gaba kan tabarma. Da ta bayyana sai wuri ya kaure. Wata ta ce Allah Ya isa, wata ta yi tofi, wata kuma ta yi shiru tana satar kallon surukarta da ke zaune a gefe. Sai da na girma na gane abin da ke faruwa a wurin. Matar da al'ada ta hana ta ɗaga ido ta dubi uwar mijinta ta samu wadda za ta zaga a gabanta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Fim ɗin yana faɗar abin da ba ya faɗuwa, kuma kowa ya san inda aka dosa.

Sai dai wuƙar tana da baki biyu, kuma ni shaida ce. Ina da shekara huɗu auren iyayena ya mutu. Mahaifiyata ta koma gidansu a Rogo, ni kuma aka bar ni a hannun abokiyar zamanta, wadda nake kira Inna. Duk hutun da na je Rogo, kafin in ajiye jaka gwaggonnina na wajen uwa sun kewaye ni, ana duba bayana, ana auna damtsena. "Ke, Dason gidanku tana ba ki abinci kuwa?" In na ce tana ba ni, sai a ce an tsorata yarinya. Gaskiya Inna tana da faɗa, ba ta kuma iya lallashi ba. Amma ita ta yi jinyata lokacin ƙyanda, ita ta sayar da tunkiyarta aka biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa Rogo da ƙarfin da sunan nan ya isa. Na kuma yarda da laifina: akwai shekarun da na ji daɗin tausayin da ake nuna mini, na bar su a kan zatonsu, har nakan ƙara gishiri.

Ban ɗora wa Saratu wannan ba. Zargin matar uba ya girme ta, ya girmi kaset. Abin da ta yi shi ne ba shi fuska da suna, ta yadda ya zama da sauƙin jifa. Ita ma abin bai bar ta ba, tunda masu kallo da dama ba su raba ɗan wasa da rigar da ya ara. Amma rayuwarta ta waje ta ƙaryata allon. Matar da aka sani da rashin kunya a fim ita ce ta yi aikin tarbar baƙi da tsara ganawa a fadar Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, aikin da ba a ba wanda bai san ladabi ba. A shekarunta na ƙarshe kuma, ƙananan bidiyonta na raha a shafukan sada zumunta suka nuna wa matasa wata Daso mai fara'a, har suka koma kiranta Mama Daso.

Ta rasu a Kano ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2024, tana da shekara 56. Ranar ce ta ƙarshe a azumin wannan shekara. Ta yi sahur, ta koma barci, ba ta farka ba. Allah Ya jiƙanta.

Ina Ƙaraye a ranar, na zo hutun salla daga jami'a. Inna tana bakin murhu tana suyar cincin, ni ina yanka mata ƙullun, sai na ga labarin a waya. Na faɗa mata a hankali, na ambaci sunan Saratu Giɗaɗo kawai, domin ban taɓa furta ɗaya sunan a gabanta ba. Ta yi salati, ta tsame abin da ke cikin mai, ta daɗe tana kallon wuta.

"Allah Ya gafarta wa takwarata," in ji ta. Sannan ta miƙo mini faranti. "Ki ware na Rogo daban, kada ki manta kamar bara."